Kyamarar farauta da batura masu caji: me ya sa suke mutuwa da wuri?

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa:

"Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne, ina da kyamarori biyar irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya su riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta, dare da rana. Kowacce tana cin batir takwas ƙirar AA, kuma ɗaya daga cikinsu mai layin waya ce, tana turo hoton kai tsaye. Yawan baturan da muke saye muna zubarwa ya ishe ni, sai na shawo kan yayana, wanda muke harkar tare, muka sayi batura masu caji guda 40, an rubuta NiMH 2700 mAh a jikinsu, tare da caja mai cin huɗu a lokaci guda. Tun ranar da na saka su ban ga daidai ba. Ina saka su da cikakken caji sai kyamara ta nuna rabi, hotunan dare suka yi duhu, biyu suka mutu kafin mako uku, mai layin kuwa ko kwana goma ba ta yi ba, alhali da baturan alkalin muna samun wata biyu ko fiye. Yayana ya ce na ja mana asara, mu koma yadda muke. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ka kwantar da hankalinka game da zancen jabu, domin duk alamomin da ka lissafa suna iya bayyana ko da baturan na gaske ne, daga kamfani mai mutunci. Yayanka ya yi gaskiya cewa abin bai yi kyau ba, kuma bai kamata ka yi masa gardama a kan abin da ya gani da idonsa ba. Inda na saɓa da shi shi ne dalilin da ya jingina abin a kai, wato cewa batir mai caji ba ya aiki a kyamarar daji. Abubuwa daban-daban ne suka taru a kanka lokaci guda. Wani ba matsala ba ne ko kaɗan, wani daga irin batirin da ka zaɓa yake, wani daga caja, wani kuma daga saitin kyamarar, kuma muddin ba a raba su ba za ka ci gaba da kashe kuɗi kana maganin ciwon da ba shi ke damunka ba.

Mu fara da rabin da kyamarar ke nunawa, domin shi ne ya fara sa ka zargi. Batirin alkalin ƙarfinsa bolt 1.5 ne a rubuce, sabo fil yakan kai kusan 1.6, sannan ya riƙa sauka a hankali kamar mai gangarowa daga tudu har ya ƙare. Batirin NiMH kuwa bolt 1.2 ne a rubuce, kuma halinsa daban ne: idan aka cire shi daga caja yakan nuna kusan 1.4, cikin 'yan kwanaki ya sauko wajen 1.3, sannan ya zauna tsakanin 1.2 da 1.25 tsawon yawancin aikinsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi da sauri zuwa 1.0. Kyamara ba ta da hanyar leƙa cikin batir ta ga adadin wutar da ta rage. Bolt kawai take aunawa, ta kwatanta shi da abin da aka koya mata, kuma idan da alkalin aka koya mata, duk batirin da ya nuna 1.25 a wurinta ya riga ya ci rabin hanya. Saboda haka rabin da ka gani ba ya nufin cewa cajin bai cika ba. Illar wannan alama ta ɗaya ɓangaren ta fi muni, domin tana iya tsayawa a rabin nan har makonni, ka ɗauka akwai sauran lokaci, sannan ta faɗi ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Amma akwai inda bambancin bolt ke zama matsala ta gaske, kuma a nan gizo ke saƙa. Baturan cikin kyamara a jere suke, kan wannan a gindin wancan, don haka ƙarfinsu tarawa yake yi. Idan takwas ne a layi ɗaya, alkalin suna ba da bolt 12, NiMH kuma 9.6. Idan an raba su gida biyu, huɗu-huɗu, kamar yadda wasu kyamarori suke yi, lissafin ya zama 6 da 4.8. Kowace kyamara tana da iyakar da idan wuta ta sauka ƙasa da ita za ta kashe kanta, domin kada ta ɓata katin memori tana tsakiyar rubuta hoto. Idan masu ƙirar sun yanke wannan iyaka ne da lissafin alkalin kawai, tana iya zama kusa ƙwarai da inda NiMH yake zaune tun farko, sai kyamarar ta mutu alhali baturan suna ɗauke da sauran caji mai yawa.

Da dare ne abin ya fi fitowa fili. Yawancin lokaci kyamarar barci take yi, ba ta jan komai sai 'yar wutar da na'urar jin zafin jiki ke bukata. Idan dabba ta gifta cikin duhu, sai fitilun infarad su kunna gaba ɗaya, wato hasken nan da idon mutum ba ya kamawa sosai, mai tsawon zango nanomita 850 a wasu kyamarori, 940 a waɗanda ba sa nuna ja ko kaɗan. Waɗannan fitilu suna fizgar wuta mai yawa a ɗan lokaci, kuma a lokacin fizgar bolt yakan nutse. Wasu kyamarori hasken fitilarsu yana bin ƙarfin batir ne kai tsaye, sai hoton ya fito da duhu kuma nesa ba ta fita. Wasu kuma da zarar sun ga bolt ya taɓa iyaka sai su daina ɗaukar hoton dare baki ɗaya, su ci gaba da na rana kamar babu abin da ya faru. Abin mamaki shi ne lafiyayyen NiMH ya fi alkalin jure irin wannan fizga, domin ƙarfinsa ba ya nutsewa sosai idan aka ja shi. Ke nan ba rashin ƙarfin batirin ba ne, tazarar da ke tsakaninsa da iyakar kyamarar ce ta yi kaɗan.

Don haka abin da za ka fara yi ba ya cin ko sisi: ka nemo littafin bayanin kowace kyamara, ko ka sauko da shi daga intanet da lambar ƙirarta, ka karanta abin da aka ce game da batir. Za ka tarar ba bakinsu ɗaya ba. Kamfanin Reconyx na Amurka, alal misali, kyamarorinsa masu cin batir 12 ne, kuma NiMH ko litiyam yake cewa a saka musu, ba ya ba da shawarar alkalin. Wasu kamfanonin kuwa a fili suke rubuta cewa kada a saka batir mai caji. Ka kuma shiga cikin saitin kyamarar ka duba ko akwai wurin zaɓen irin batir, domin inda akwai shi, zaɓen NiMH yana gyara alamar kuma yana daidaita yadda kyamarar ke hukunta ƙarewar wuta. Idan littafin ya ce a'a kuma babu wannan saiti, kada ka tsaya kokawa da ita, akwai wata hanya da zan zo kanta.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai cutar da kai, wato lambar nan 2700 da ta ja hankalinka a wurin saye, wadda mAh ɗin da ke gefenta ke nufin ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Batirin NiMH na tsohon salo yana tsiyayar da cajinsa ko da ba a taɓa shi ba, yana zubar da kaso mai tsoka cikin wata guda, kuma zafi yana ƙara wa tsiyayar gudu. Galibi waɗanda aka cusa musu adadi mafi girma su ne suka fi saurin tsiyaya, su ne kuma suka fi saurin tsufa. Ga mai ɗaukar hoton biki, wanda zai caje batir da safe ya ƙarar da shi kafin dare, wannan ba ya damunsa. Kyamarar daji kuwa kurɓa take yi kaɗan-kaɗan tsawon makonni, a cikin akwatin roba da rana ke duka kullum, har ta kai abin da batirin ke zubarwa da kansa yana iya fin abin da kyamarar ta sha. Babbar randa mai tsaga ba ta kai ƙarama lafiyayya ajiye ruwa ba.

Akwai NiMH da aka ƙera musamman don riƙe caji. Kamfanin Sanyo na Japan ne ya fito da Eneloop a shekarar 2005, yanzu kuma sunan yana hannun Panasonic. Na gama-garin yana ɗaukar kusan 2000 mAh, kuma kamfanin ya ce yana riƙe kashi 70 cikin ɗari bayan shekara 10 a ajiye, ana kuma iya cajinsa har sau 2100. Akwai mai ɗaukar kusan 2500 mAh, wanda aka ce yana riƙe kashi 85 bayan shekara guda, amma cajinsa kusan sau 500 ne kawai. Waɗannan alƙaluman kamfani ne, an same su a ɗakin gwaji mai matsakaicin yanayi, don haka kada ka sa ran samun su cif-cif a jikin bishiya, amma bambancin da ke tsakanin wannan iri da na tsohon salo a fili yake. Ba Eneloop kaɗai ke da wannan hali ba. Yadda za ka gane irinsu shi ne a jikin kwalin ana rubuta cewa an riga an caje su, a shirye suke don amfani, ko kuma a faɗi kason da suke riƙewa bayan shekara. Ni a ganina mai 2000 ya fi dacewa da aikinka.

Ka kuma yi wannan ɗan lissafi. Batir 40 da caja mai cin huɗu zagaye goma ne. Idan cajar mai jinkiri ce, irin wadda ake barin batir ya kwana a kanta, to dare goma ke nan, ma'ana waɗanda ka fara caji sun yi fiye da mako guda suna tsiyaya kafin ka kai su daji. Ƙari a kan haka ba ka da na musanya, tunda 40 ɗin duka suna cikin kyamarori, don haka duk lokacin caji kyamarorin a kashe suke ko kuma tafiyarka ta zama biyu.

Ita kanta cajar abin dubawa ce. Masu arha da yawa agogo suke bi, su ɗura wuta na wasu sa'o'i sannan su tsaya, ko batirin ya cika ko bai cika ba, kuma suna haɗa batura bibbiyu a hanya ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauran wuta, ko dai wannan ya sha fiye da kima ya yi zafi, ko wancan ya fita bai ƙoshi ba, kuma zafin da ya wuce kima yana gajarta rayuwar NiMH. Caja mai kyau tana kula da kowane gurbi shi kaɗai, tana gane cikar batir ta hanyar 'yar saukar bolt da yake yi idan ya cika, sannan ta tsaya. Mafi amfani a gare ka ita ce wadda take iya sauke batir har ƙasa ta sake cika shi, ta nuna maka ainihin mAh ɗin da yake ɗauka. Da irinta ne kaɗai za ka iya amsa tambayarka ta jabu da hujja. Idan sabon batir da aka rubuta wa 2700 ya nuna rabin haka ko ƙasa bayan an zagaya shi sau biyu ko uku, to an yi maka ƙarya a rubutun.

Dalilin da ya sa wannan awo ke da muhimmanci shi ne batura a jere tamkar ayari suke, mafi rauni a cikinsu shi ke yanke tafiyar kowa. Idan guda ɗaya cikin takwas ya ƙare da wuri, sauran bakwai suna ci gaba da tura wuta ta cikinsa, har su juya shi kansa ya koma gindi, kuma batirin da aka yi wa haka sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Wannan yana iya zama dalilin da ya sa kyamarori biyu kawai suka mutu da wuri, sauran biyun suka ci gaba, alhali batir iri ɗaya ka saka musu. Ka raba baturanka takwas-takwas, waɗanda awonsu ya yi kusa da juna, ka rubuta wa kowane rukuni lamba a jiki da alƙalamin da ba ya gogewa, su riƙa shiga tare suna fita tare. Kada ka taɓa gauraya sabo da tsoho, ko mai caji da alkalin, ko kamfani biyu a kyamara ɗaya.

Kafin ka sayi wani abu, ka yi gwaji a gida da ɗaya daga cikin kyamarorin da suka mutu da wuri. Ka caje takwas, ka saka su a ranar, ka ɗaure kyamarar a wurin da kake wucewa dare da rana, ka bar ta har ta daina aiki. Daga nan ka ciro baturan ka auna kowanne da mitar auna wuta. Idan dukkansu suna nuna 1.25 ko sama, kyamarar ce ta yanke da wuri, baturan ba su ƙare ba, kuma wannan kyamara ba ta jituwa da NiMH. Idan bakwai suna wajen 1.2 ɗaya kuma ya faɗi ƙasa da 1.0 ko ya kusan sifili, ka kama mai laifin, ka fitar da shi daga rukunin. Idan kuma duka sun sauka tare zuwa wajen 1.0, to da gaske sun ƙare, sai a koma tambayar ina wutar ta tafi. Ka kuma caje wasu huɗu ka ajiye su ba tare da amfani ba har wata guda, sannan ka auna abin da ya rage a cikinsu da cajar awo, domin ka ga girman tsiyayar da idonka. Yayin da kake wannan, ka duba ƙarafunan da batir ke taɓawa a cikin kyamarar. Alkalin da ya daɗe yakan zubo da wani farin gishiri mai cin ƙarfe, kuma ɗan abin da ya bari a jikin sifirin ya isa ya rage wuta, ga mai 1.2 kuwa ba shi da rarar da zai yi asararta.

Amsar ina wutar ta tafi tana cikin katin memorinka. Ka buɗe shi ka ƙirga hoto nawa ne ke da dabba, nawa ne kuma babu komai sai ciyawa. Na'urar da ke tayar da kyamarar canjin zafi mai motsi take ji, ba ta san dabba ba, saboda haka reshe ko doguwar ciyawa da rana ta gasa, iska tana kaɗa su, suna iya tayar da ita sau ɗaruruwa a wuni ɗaya. Ka share gaban kyamarar, ka ɗaure ta a bishiya mai kauri da ba ta rangaji, kuma ka fuskantar da ita arewa ko kudu, domin wadda ke kallon gabas ko yamma hasken fitowar rana da faɗuwarta suna ruɗa ta. Sannan ka duba saitin. Bidiyon dare shi ne babban mai cin wuta, domin a hoto fitilun suna kunna ne na ƙasa da daƙiƙa guda, a bidiyo kuwa suna kunne tsawon ɗaukar duka, ko daƙiƙa 30 ce ko minti guda. Idan abin da kake so shi ne sanin wace dabba ke bin turbar da kuma wane lokaci, hoto ɗaya ko biyu a kowace tayarwa ya wadatar, tare da tazarar rabin minti ko minti guda kafin ta sake ɗauka, musamman a bakin mashaya inda garke zai tsaya ya daɗe.

Ga kyamarar da gwaji ya nuna ba ta son NiMH, akwai batir mai caji ƙirar AA da ke ba da bolt 1.5. A cikinsa akwai ƙaramin batirin litiyam mai bolt 3.7 da 'yar na'urar da ke sauke ƙarfin zuwa 1.5, ta riƙe shi a nan ba hawa ba sauka, don haka hasken dare ba ya raguwa. Sai dai yana da nasa hali. Alamar kyamara za ta nuna a cike har zuwa lokacin da zai yanke farat ɗaya, ba gargaɗi. Na'urar cikinsa tana shan 'yar wuta ko yana zaune, tana kuma da iyakar fizgar da take yarda da ita, wadda fitilun wasu kyamarori ke wucewa. Caja tasa daban ce, ko kuma ta wayar USB. Ka lura kuma da rubutun jikinsa, domin galibi mWh ake rubutawa, wato mAh da aka ninka da bolt, lambar da ta fi girma a ido: 3000 mWh a bolt 1.5 daidai yake da 2000 mAh, shi kuwa NiMH mai 2000 mAh a bolt 1.2 yana ɗauke da 2400 mWh. Ka sayi rukuni ɗaya ka gwada shi a kyamara ɗaya kafin ka ƙara.

A nan dole in ja kunnenka. Akwai batirin litiyam da ake kira 14500, girmansa daidai da AA, yana shiga gurbin ba tare da wahala ba, amma bolt 3.7 yake bayarwa kai tsaye, 4.2 idan ya cika. Takwas daga cikinsu a jere sun ninka abin da kyamararka ke ɗauka fiye da sau biyu, kuma za su ƙona ta nan take. Duk batirin da za ka saka, ka karanta bolt ɗin da ke jikinsa tukuna.

Akwai kuma litiyam ƙirar AA wanda ba a caji, irin Energizer Ultimate Lithium. Shi ne ya fi daɗewa a kyamarar daji, ba ya tsiyaya sai kaɗan ƙwarai, kuma kamfanin ya ce yana aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, yanayin da alkalin da NiMH duka suke raunana a cikinsa. Yana da tsada kuma zubarwa ake yi, abin da kake gudu ke nan, amma ga kyamarar da ta fi nisa, wadda zuwa wurinta ke cin wuni guda kuma yawan zuwan ke barin ƙamshin mutum a turbar dabba, ban ga laifin amfani da shi ba. Kada ka kuskura ka sa shi a caja, yana iya fashewa ko ya kama da wuta.

Mai layin waya kuwa hukuncinta daban ne, kuma ban yi mamakin rashin kaiwarta kwana goma ba. Duk hoton da za ta tura sai ta tayar da na'urar sadarwa, ta nemi sabis, ta aika, kuma inda sabis ke da rauni takan daɗe tana nema da ƙarin ƙarfi. Idan saitinta ya yarda, ka sa ta riƙa tara hotuna tana turowa sau ɗaya ko biyu a rana maimakon nan take. Amma maganinta na gaske batir ne na waje. Yawancin irin waɗannan kyamarori suna da ramin jona wuta a ƙasansu, an rubuta 6V ko 12V a gefensa. Takwas na NiMH masu 2000 mAh gaba ɗaya suna ɗauke da kusan 19 Wh (kowane Wh mWh dubu ne), shi kuwa rufaffen batirin dalma mai bolt 12 da 7 Ah, wato 7000 mAh, yana ɗauke da 84 Wh. Ko da ka tsaya a rabinsa, kamar yadda ya kamata a yi wa batirin dalma idan ana son ya yi ƙarko, ka sami fiye da ninki biyu. Nauyinsa ya ɗan haura kilo biyu. Irin litiyam da ake rubuta wa LiFePO4 ya fi sauƙin ɗauka kuma yana jure a sauke shi ƙasa sosai, sai dai ba a cajin litiyam a sanyin da ya kai ƙasa da sifili.

Idan za ka bi wannan hanya, ka tabbata bolt ɗin batirin ya yi daidai da abin da aka rubuta a ramin, ka kuma tabbatar da wace waya ce mai alamar + kafin ka jona, domin juya su yana iya kashe kyamarar. Ka sa fiyus kusa da batirin, ka ajiye shi a akwatin da ruwa ba ya shiga, ka kuma zura wayar cikin tiyo ko ka sayi mai rigar ƙarfe, saboda ɓeraye da kurege suna gwaguyar waya. Ƙaramin farantin sola mai nasa batir a ciki yana iya raba ka da ɗaukar kaya, amma sai yana samun rana kai tsaye na wasu sa'o'i, abin da ke da wuya a ƙarƙashin duhuwar bishiyoyi inda aka fi ɗaure kyamara. Galibi kuma ba ya cajin baturan AA da ke cikin kyamarar, su dai suna zaune ne a matsayin madogara idan na wajen ya gaza, don haka masu riƙe caji ko litiyam marasa caji ne suka dace da wannan gurbi.

Game da yayanka, shawarata ita ce kada ka nemi ya sake sa kuɗi a kan maganar baki. Ka karɓi cewa an yi gaggawar sayen 40 kafin a gwada takwas, sannan ka roƙe shi wata biyu. A cikinsu ka sayi caja mai awo da rukuni ɗaya na masu riƙe caji, ka ɗaure kyamarori biyu iri ɗaya a wurare masu kama da juna da saiti ɗaya, wannan da alkalin, waccan da sababbin, ku je duba su tare. Baturan 2700 ɗin kuma ba asara ba ne. Waɗanda awo ya nuna lafiyarsu ƙalau za su yi aiki a kyamarar da ta fi kusa, wadda kake zagayawa duk mako biyu, matuƙar ka caje su a jajibirin tafiya, sauran kuma su koma tocila da sauran kayan da ake ƙarar da wutarsu da wuri. A cikin murfin kowace kyamara ka manna 'yar takarda, ka riƙa rubuta ranar da ka saka batir, da lambar rukunin, da adadin hotunan da ka tarar, da ranar hoton ƙarshe idan ta mutu. Bayan zagaye biyu ko uku za ka san kwana nawa kowace kyamara ke yi da kowane rukuni, sai ka riƙa canza batir mako guda kafin wannan adadi ya cika, ko da alamar tana nuna rabi.